Baƙo da Ɗan Gari: Fagge da Sabon Garin Kano a Ma'aunin Harshe

Wanda ya fito daga birnin Kano ta Ƙofar Wambai ko Ƙofar Mata, kafin ya yi nisa ya shiga Fagge. In ya daɗa tafiya kaɗan ya tsallake titi, ga shi a Sabon Gari. Unguwannin nan biyu duka a bayan ganuwa su ke, duka kuwa domin baƙi aka kafa su, har ma yau ƙaramar hukuma ɗaya ta haɗa su. Amma jikan wanda ya sauka a Fagge shekara ɗari da suka wuce, yau Bakano ne, ba mai tambayarsa inda kakansa ya fito. Jikan wanda ya sauka a Sabon Gari a wannan lokaci kuwa, har gobe baƙo a ke ce masa, ko da a nan aka yanke cibiyarsa da ta ubansa. Abin da na ke so in bincika a wannan takarda shi ne dalilin wannan bambanci. Tun da ya ke ni ɗalibin harshe ne, ta hanyar kalmomi zan bi, domin sau da yawa abin da takardun hukuma suka bari a duhu, bakin mutane ya kan fito da shi fili.

Mu fara da kalmar kanta. Bahaushe da kalma ɗaya ya ke kiran wanda ya zo masa ziyara da wanda bai san shi ba sam: duka baƙo ne. Turanci ya raba su da kalmomi dabam dabam, Hausa ba ta raba ba. Ma'anar wannan ita ce, duk wanda ya shigo gari ana ɗaukarsa a kan yana da mai masauki, ko kuwa ya kamata ya sami ɗaya. Kuma baƙunci hali ne mai wucewa. Shi ya sa aka ce baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. Raɓa ba ta kai hantsi. Watau baƙo, ko dai ya yi sallama ya koma gida, ko kuwa ya zauna har sunan ya kankare daga jikinsa. Wanda ke zuwa bayan an kau da amfanin gona, ya koma da faɗuwar ruwa, shi ne ɗan cin rani. Wanda ya zo ya ƙi komawa, ya yi aure ya yi gida, shi a ke kira kaka-gida, 'ya'yansa kuwa 'yan gari ne. Abin da harshen bai tanadar wa suna ba shi ne mutumin da za a haifa cikin gari, ya tsufa a ciki, ya mutu yana baƙo. Irin wannan mutum bai samu ba a ƙasar Kano sai bayan zuwan Turawa.

Kada a ɗauka cewa Kano ba ta san baƙi ba kafin nan. Tarihin Kano ya ba da labarin zuwan Wangarawa daga Mali a zamanin Sarki Yaji (1349-1385), da zuwan Sharifai a zamanin Muhammadu Rumfa (1463-1499). Sunayen unguwannin cikin birni su kansu littafi ne ga mai son karantawa: Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Agadasawa, Sharifai, da Ayagi inda fataken Yarabawa suka zauna. Akwai Dandalin Turawa, wanda ɗalibai su kan yi mamaki in an gaya musu ba shi da wata alaƙa da Ingila, gama a da can Larabawan Gadamus da Tarabulus su a ke kira Turawa, daga baya ne sunan ya tashi daga kansu ya koma kan Nasara. Akwai Alfindiki, wadda sunanta ya fito daga kalmar Larabci mai nufin masaukin fatake. Sa'ad da Barth ya shigo Kano cikin 1851, ya ƙiyasta mazaunanta wajen 30,000, ya kuma ce da rani, lokacin da ayari ke sauka, su kan kai ninki biyu. Ke nan a wannan lokaci na shekara, cikin kowane mutum biyu da za ka gamu da su a birni, ɗaya baƙo ne. Duk da haka in ka shiga Ayagi ko Tudun Nufawa yau, Kananci tsantsa za ka ji, ba abin da ya saura na asali sai sunan unguwa, da wataƙila tsagar fuskar wani tsoho.

Fagge ta wannan tsohon tsari ce, ko da ya ke a waje ta ke. Masu ba da tarihin baka suna kai kafuwarta zamanin Rumfa, suna kuma danganta sunan da fage, watau sarari. Nan ne Abzinawa ke sauke ayarinsu na gishirin Balma da dabino, domin raƙuma masu yawa ba su da wurin kwana cikin lungunan birni. Da sun sayar su kan sayi hatsi da baƙin rini da takalma su juya arewa. Kalmar ayari kanta daga bakinsu muka same ta, haka takobi da cuku.

Abin da ya kamata a tsaya a kansa shi ne yadda a ke karɓar falke in ya sauka, gama nan ne asirin ya ke. Ba ya kama haya. Gidan fatoma ya ke sauka, watau mai gidan da sana'arsa ke nan saukar fatake. Fatoma ya ba shi ɗaki da abinci, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa dillali, ya yi masa tafinta in bai ji Hausa ba. In za a ba da kaya bashi, fatoma ne ya san wanda ke biya da wanda ba ya biya, shi ne kuma ke tsayawa lamuni. Abin da ya ke samu shi ne rabonsa cikin la'ada, da alherin da baƙo zai yi masa ran tafiya. Falke ba ya sāke fatoma sai da babban dalili, ɗansa ma in ya fara fatauci gidan zai sauka. To, mai karatu ya duba abin da wannan ke haifarwa. Tun daga daren farko baƙo cikin gidan ɗan gari ya ke, yana cin tuwonsa, yana jin maganar yaransa, yana bin sa masallaci. In shekaru suka tura ya ga zama ya fi masa tafiya, fatoman nan shi zai kai shi wurin mai unguwa a nuna masa fili, sau da yawa ma shi zai nemo masa aure, ko ya ba shi 'yarsa. 'Ya'yan da za a haifa, Hausa ce harshen uwarsu. Cikin tsara biyu magana ta ƙare.

Misalin da ya fi kowane fitowa fili shi ne na Agalawa, waɗanda asalinsu daga ƙasar Abzin ne, suka zauna a ƙauyukan Kano, suka shahara da fataucin goro zuwa Gwanja. Daga cikinsu ne Alhasan Ɗantata ya fito, wanda aka haifa a Bebeji cikin 1877, ya rasu a Kano cikin 1955 yana attajirin da ba kamarsa a ƙasar. Ba wanda zai ce yau zuriyarsa baƙi ne. Kalmar Ba'agale ma ta tashi daga sunan asali ta koma kusan sunan sana'a.

Ba na cewa hanyar nan ba ta da sharaɗi. Sharaɗinta biyu ne, Musulunci da Hausa, wanda kuwa ya ƙi su ba ya shiga. Amma ƙofa ce, a buɗe ta ke, kowa ya san inda ta ke.

Turawa sun ci Kano cikin Fabrairu 1903. Hanyar jirgin ƙasa ta iso cikin 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe daga 1912, kamfanoni irin su Kamfanin Neja da John Holt suka kafa kantuna kusa da tasha. Gwamnati da kamfanoni suka bukaci akawuna, da masu buga waya, da masu awo, da kafintoci, da makanikai, da direbobin jirgi. Makarantar boko kuwa a lokacin jaririya ce a Arewa, ta Ɗan Hausa a Nasarawa ba ta fi 'yan shekaru da buɗewa ba. Saboda haka aka ɗebo ma'aikata daga Ikko da Abekuta, har da ƙetare, daga Saliyo da Gwalkwas, wadda yanzu a ke kira Gana, da Dahome da Kamaru. Yawancinsu Kirista ne, suna sa kwat da wando, sun saba da shari'ar Turawa, wasunsu ma sun saba karanta jaridun Ikko masu sukar Gwamna. Wannan na ƙarshe shi ya fi tsaya wa hukuma a rai. Manufar mulkin Lugga ita ce a bar talakawan Sarki a hannun Sarki, kada wani ya zo ya koya musu gardama. Sai aka yanke wa waɗannan mutane fili dabam cikin 1913, aka ja tituna a miƙe, aka rarraba fuloti, aka kira wurin Sabon Gari. Dokar garuruwa ta 1917 ta ƙarfafa tsarin: Turawa a Nasarawa, Kwarori, watau mutanen Sham da Labanan, a gefen Fagge inda Kantin Kwari ya ke, baƙin Afirka a Sabon Gari, 'yan ƙasa a birni. Aka hana mishan shiga birni, aka bar musu Sabon Gari; aka hana giya a birni, aka bar ta a Sabon Gari. Mazauna wurin ba su ƙarƙashin alƙali ko Sarki, Jojin Turawa ke hukunta su, har 1940 da aka mai da unguwar hannun En'e ta Kano. A takardun Gwamnati akwai wani laƙabi da a ke yi wa mutumin Saliyo ko Gwalkwas, wanda in an juya shi da Hausa sai ya zama "ɗan ƙasa baƙo". Bahaushen da ya ji wannan zai ce maganar tana cin kanta, gaskiyarsa kuwa.

Duba abin da ya ɓace a nan. Akawun da ya sauka daga jirgi ba shi da fatoma. Gidan haya ya ke shiga, ya biya kuɗin wata, ba ya cin tuwon kowa. Wanda zai tarye shi a tasha ɗan garinsu ne, shi zai ba shi tabarma, ya nemo masa aiki. Daga nan ne ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya suka yi ƙarfi: su ke tara kuɗi su ba sabon zuwa jari, su yi jinyar marar lafiya, su biya kuɗin mai da gawa gida. Ibo, waɗanda suka yawaita bayan an haɗa hanyar jirgi ta gabas aka kuma gama gadar Makurɗi cikin 1932, har makarantu ƙungiyarsu ta gina a Kano da kuɗin karo-karo. Yaro ya kan zo wurin ubangidansa ɗan garinsu, ya yi masa hidimar kanti shekaru, ran sallama a ba shi jari ya buɗe nasa, shi ma ya aika gida a turo masa yaro. Tsari ne mai kyau ƙwarai wajen raya mutum, ya kuwa raya dubbai. Amma duk igiyoyinsa gida su ke komawa. Mata daga gida a ke ɗauko ta, ginin tsufa a gida a ke yin sa, kabari ma a gida. Fatoma yana jan baƙo cikin gari, ƙungiya tana riƙe shi da garinsu. Ba laifin mutanen ba ne. Wanda aka ce masa ga iyakarka, dole ya nemi abin dogara a cikin iyakar. Sunayen titunan unguwar sun isa shaida, gama akwai na Abekuta, da na Warri, da na Inugu, da na Gwalkwas, da na Firitawun. A birni sunan asali ya kan rage bayan mutanen sun narke. A Sabon Gari sunan da mutanen duka suna nan.

Duk da wannan katanga, harshe ya yi ta tsallakawa, kuma a nan ne ɗalibin harshe ke da abin cewa. Kalmomi da yawa na kayan zamani da mu kan ɗauka daga Turanci muka aro su kai tsaye, in an duba sai a ga ta bakin Yarabawa suka biyo. Shaidar tana cikin sauti. Yarabanci yana da wani baƙi da a ke furta shi da leɓɓa da ganɗa a lokaci guda, kamar k da p a haɗe, a rubutunsu kuwa p kawai su ke sa masa. Hausa ba ta da shi, saboda haka ta kan mai da shi kw. Ta haka ne apoti ya zama akwati, pali ya zama kwali, panu ya zama kwano, paki ya zama kwaki. Kwano ya fi ban sha'awa, domin asalinsa Turanci ne. Da daga bakin Bature muka ji shi, da f za mu sa a farkonsa, kamar yadda muka yi a fam da fasinja da fensir. Wannan kw ɗin ita ce sawun ƙafar ɗan kasuwar da ya kawo kayan. Akawu ma kalmar Yarabanci ce, haka ashana, da agogo, da gyale, da oga. Ba zan ce duka a kasuwar Sabon Gari aka aro su ba, gama cuɗanyar Hausawa da Yarabawa ta girmi jirgin ƙasa nesa ba kusa ba. Amma irin kayan da su ke nufi, na ofis da kanti da kwanon rufi, sun nuna zamanin da yawancinsu suka shigo. Daga Ibo kuwa abin da muka aro kaɗan ne, mafi shahara shi ne sunan da mu ke kiransu da shi, Inyamuri, wanda ya fito daga maganarsu mai nufin "ba ni ruwa". Mutanen da aka sa wa sunan ba su son sa, kuma ya kamata malami ya san haka kafin ya furta shi gaban aji.

Ta ɗaya gefen kuma, mazauna Sabon Gari sun koyi Hausa, domin ita ce harshen ciniki, har tsakanin Bayarabe da Ibo a wani lokaci. Sai dai wurin da mutum ya koyi harshe ya kan bar alama a bakinsa. Wanda ya koya a kasuwa yana babba, abu uku su kan kuɓuce masa. Na farko baƙaƙen nan masu ƙugiya, sai ƙasa da kasa su zama ɗaya, haka ɓata da bata. Na biyu tsawon wasali da karin sauti. Na uku, wanda ya fi saurin shiga kunne, bambancin namiji da tamace: "matata ya tafi kasuwa", "mota ya lalace". Dalili kuwa a fili ya ke, Yarabanci da Ibo ba su raba jinsi a wakilin suna. Haka Hausar barikin soja ta kasance, wadda a ke kira Barikanci, haka kuma Hausar zangunan Gana ta zubar da jinsi. Mun saba mai da wannan magana abin dariya a wasan kwaikwayo. Ni a ganina abin nazari ce, domin tana da ƙa'idarta, ba a yin ta barkatai.

Amma ga abin da ya fi muhimmanci. Wanda aka haifa a Sabon Gari, ya yi wasan ƙasa da yaran Fagge, ba ya yin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Na taɓa tsayawa sayen batir a wani kanti, ina jin mai kantin daga bayan kanta yana ciniki da wani dattijo, har da karin magana da zolaya, ban yi shakka ba Bakano ne. Sai wayarsa ta yi ƙara, ya juya harshen Ibo. Da na tambaye shi, ya ce a Kano aka haifi mahaifinsa. Na ce to ai kai ɗan gari ne. Ya yi dariya ya ce, "Malam, a baki dai." A tsohon tsari harshe shi ne rabin hanya. Wannan mutum ya gama rabin nan sarai, ya tarar da sauran rabin a toshe.

Fagge da Sabon Gari sun yi zaman daɗi sun yi na ɗaci. A Sabon Gari ne aka kafa jam'iyyar NEPU ran 8 ga Agusta 1950, cikin waɗanda suka kafa ta kuwa akwai Bello Ijumu, Bayaraben ƙasar Kabba, da Abba Maikwaru na Fagge. Watau abin da Turawa suka ji tsoro tun 1913 ya auku, ta wannan 'yar tazara da ke tsakanin unguwannin biyu. Amma a wannan tazara ce kuma aka yi faɗan Mayu 1953, bayan muhawarar neman mulkin kai a majalisar Ikko da zuwan tawagar Akintola, inda lissafin Gwamnati ya nuna mutum 36 sun mutu, 241 sun yi rauni. Na 1966 ya fi wannan muni nesa, aka kashe Ibo masu yawa, sauran suka bar gidajensu da kantunansu suka gudu gabas. Bayan an gama yaƙi cikin Janairu 1970 da yawa suka komo, suka karɓi gidajensu. An sāke zub da jini cikin Oktoba 1991, aka kuma ta da bam a tashar motar New Road cikin Maris 2013. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya daɗa koya wa ɗan Sabon Gari cewa ya bar ƙafa ɗaya a garinsu.

Yanzu sai mu zo ga abin da na ke gani shi ne tsakiyar magana. Dokar ƙasa da harshen mutane ba su yarda da juna ba a kan wane ne baƙo. Ɗauki mutumin Damagaram ko Maraɗi ko Tawa. A doka ɗan wata ƙasa ne, tun da Ingila da Faransa suka ja iyaka tsakaninsu a farkon ƙarni na 20. Ya kan shigo Kano cin rani, ya yi ga-ruwa, ko shayi, ko dako, ko yankan farce. Buzaye kuwa, waɗanda fari na 1973 da na 1984 ya kashe wa dabbobi, suka shahara da gadi. Wanda ya yi ƙarfi ya shiga Kantin Kwari, ko canjin kuɗi a Wapa cikin Fagge, inda sefa da naira ke gamuwa. Da farko ana gane shi a baki: ya ce lahiya, ya ce biyat, ya ce lakwal maimakon makaranta, mato maimakon mota. Yara su yi masa dariya shekara ɗaya ko biyu, sa'an nan bakinsa ya gyaru. Yana da malami, yana da sahu a masallaci, yana iya neman aure. Ɗansa ba mai ce masa baƙo. Shi kuwa mai kantin batir bai tsallake iyakar kowace ƙasa ba, fasfo ɗinsa irin nawa ne, amma ran da ɗansa zai nemi gurbin karatu ko aikin gwamnati aka ce ya kawo takardar shaidar asali, sai ya nufi wata ƙaramar hukuma a kudu, wadda wataƙila bai taɓa kwana bakwai a cikinta ba. Tsarin mulki na 1979, da na 1999 bayansa, sun ɗaura zaman mutum ɗan jiha a kan asalin iyaye da kakanni wajen rabon muƙamai, ba a kan inda aka haife shi ba. Ashe layin da aka ja cikin 1913 bai goge ba, daga ƙasa ya tashi ya koma takarda.

Wani lokaci kuma dokar ta kan farka ta nuna ƙarfinta a kan na farkon. Cikin Janairu 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta ba baƙin da ba su da takardu 'yan makonni su fita, fiye da mutum miliyan ɗaya suka tashi, galibinsu 'yan Gana, amma har da mutanen Nijar da Cadi. Wannan kuwa bayan yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 wadda ta ba mutanen yankin izinin shiga ƙasashen juna ba biza. Hausar jarida da rediyo tana da suna ga irin waɗannan mutane, baƙin haure. Ƙirƙira ce mai kyau, domin daga ganuwa aka ɗauko ta: mai haure shi ne wanda ya bar ƙofa ya haura ta inda katanga ta zube. Sai dai ban taɓa jin mutumin Fagge ya kira maƙwabcinsa Badamagare da wannan suna ba. Kalmar hukuma ce, a bakin hukuma ta tsaya.

Ya kamata mu tuna mu ma an yi mana. Cikin 1969 gwamnatin Busiya ta kori baƙi daga Gana, Hausawa da Yarabawa da yawa suka baro dukiyarsu, cikinsu har da waɗanda aka haifa a zangon Kumasi. Kalmar zango, wadda asalinta wurin da ayari ke yada kaya ya kwana, a Gana ta zama sunan kowace unguwar baƙi Musulmi. Sabon Gari kuwa ya gajarce ya zama Sabo a ƙasar Yarabawa, can kuma Hausawa ne a ciki. Abner Cohen, wanda ya yi nazarin Sabo ta Ibadan ya buga littafinsa cikin 1969, ya nuna yadda masu gidajen saukar fataken shanu da goro su ne ginshiƙin unguwar. Amma a can fatoma Bahaushe ne, baƙonsa ma Bahaushe, saboda haka tsarin da ke narkar da baƙo a Kano shi ne ke killace shi a Ibadan. Bahaushen Sabo da Ibon Sabon Gari, in da za su zauna su yi hira, da sun tarar labarinsu ɗaya ne.

Akwai aiki a nan wanda malaman kwalejojin horon malamai sun fi mu damar yi, domin ɗalibansu daga unguwannin nan su ke fitowa. Hausar tsara ta uku ta Sabon Gari tana bukatar a ɗauke ta a rubuce kamar yadda a ke faɗinta, ba tare da an gyara ba. A lura da wanda mai magana ke yi wa Hausa da wanda ya ke juya wa Turancin kasuwa ko harshen gida. A lura da harshen da ya ke ƙirga kuɗi da shi, da wanda ya ke yi wa ɗansa faɗa da shi. A tambaye shi kuma, in ya ce "gida", ina ya ke nufi. Na gwada wannan tambaya ta ƙarshe a kan wasu ɗalibaina haifaffun Sabon Gari. Da na yi ta da Turanci, suka ambaci garuruwan kakanninsu. Da na sāke ta da Hausa bayan 'yan kwanaki, na ce "Ina ne gidanku?", sai suka ba ni sunan titi da lambar gida.